Tsintsiya da Farar Ƙasa: Sharhi Kan Kintsa Gidan da Za a Sayar

Jama'a masu saurare, mutanen Birnin Kudu da na Gwaram, da na garuruwan da ke kewaye da su, tun daga Kantoga da Sundimina da Wurno har ya zuwa Sara da Basirka da Farin Dutse, da kuma duk wanda muryar nan ta riske shi, ko yana gida, ko yana bakin sana'a, ko yana bisa hanya. Mas'alar da muka ɗauko a sharhinmu na yau mas'ala ce da a da ba a cika jin ta a bakin mutanenmu ba, amma yanzu ta zama ruwan dare, watau yadda mutum zai kintsa gidansa, ya rage masa tarkace, ya gyara shi, idan larura ta sa zai ɗaga shi ya sayar.

Dattawan da ke saurarenmu za su shaida cewa a zamanin ƙuruciyarsu sayar da gida abu ne da ake ɓoyewa, domin a wancan lokaci wanda ya buƙaci wurin zama mai unguwa ko dagaci yake samu, a nuna masa fili, 'yan'uwa da maƙwabta su taru su taya shi kwaɓa ƙasa da yin tubali. Gidan da uba ya bari kuwa ɗa ke zama a ciki, jika ya zo ya ƙara ɗaki, har ya kasance idan aka ji an ce wane ya sayar da gidan ubansa sai a yi salati, a san cewa lalle wani abu ne ya ci ƙarfinsa. To, zamani ya juya. Tun da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama hedikwata, ma'aikata suka yawaita, masu canjin wurin aiki suka riƙa zuwa suna tafiya; kuma da asibitin Birnin Kudu ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a shekarar 2000, ga makarantar koyon aikin jinya, ga tsohuwar kwalejin gwamnati, sai garin ya cika da baƙi, masu neman haya da masu neman saye, filin da a da ake bayarwa a karɓi goro ya zama abin da ake yi wa kuɗi da miliyoyi. A ƙasar Gwaram ma hada-hadar kasuwar Sara da zirga-zirgar da ke tsakaninta da Jihar Bauchi sun sa gida ya yi daraja. Sa'an nan ga babban dalili, wanda a ganina ya rinjayi sauran, shi ne rabon gado: magidanci ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha, gida kuwa ba ya tsaguwa kashi goma sha, ba makawa sai an yi masa kuɗi.

A ƙasar Amurka wannan aiki na shirya gida domin idon mai saye ya zama sana'a mai zaman kanta. Ana danganta farkonta ga wata dillaliyar gidaje mai suna Barb Schwarz, a jihar Washington, wajen shekarar 1972, wadda ta lura cewa zuciyar mai saye ba ta kwanciya da gidan da ke cike da hotuna da komatsan wani, sai ta riƙa sa masu gida su rage kayansu, a buɗe tagogi haske ya shiga, har daga baya masu wannan sana'a suka kai ga yin hayar kujeru da gadaje a jera na ɗan lokaci. Ban kawo wannan don mu kwaikwaye su ba, gama gidajenmu ba irin nasu ba ne, kuma mu muna da shari'a da ta riga ta yi magana a kan ciniki tun da daɗewa. Amma abin da matar ta lura da shi gaskiya ne a ko'ina: ɗakin da aka cika da kaya ido ba ya ganin faɗinsa.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne, gyaran gidan sayarwa iri biyu ne, alhali kuwa kayan aikinsu ɗaya ne, tsintsiya da farar ƙasa da ɗan siminti. Akwai gyaran da ke kawar da abin da ke hana mai saye ganin gidan, akwai kuma gyaran da ke ɗora abin da zai hana shi ganinsa. Na farko halal ne, kai, yana daga cikin kyautata mu'amala. Na biyu kuwa ha'inci ne, ko da maginin da ya yi shi ya kai gwani.

Bari mu fara da kwashe tarkace, tun da shi ne aikin farko. Duk wanda ya taɓa buɗe ɗakin ajiya na wani tsohon gida a cikin garin Birnin Kudu ko Tsohuwar Gwaram ya san abin da zai tarar: gadon ƙarfe da ƙafarsa guda ta karye an tokare da bulo, keken ɗinki da ya shekara ba a taka shi ba, fitilar ƙwai da tsatsa ta cinye gindinta, buhunan taki da babu komai ciki an naɗe an cusa bayan ƙofa, garma da hauya marasa ƙota, tsohuwar rediyo, tulun da ya tsage, adaka da makullinta ya ɓace, duk ƙura ta haɗe su, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Mai saye idan ya leƙa wannan ɗaki ba zai ga bango ba, ba zai ga daɓe ba, ba zai san ko ɗakin zai ɗauki gado da kujera ba, sai ya koma ya rage abin da ya yi niyyar tayawa, kuma yana da gaskiya, domin ba a tilasta mutum ya biya kuɗin abin da bai gani ba. Don haka kwashe kayan nan maslaha ce ga mai sayarwa, kuma adalci ne ga mai saye.

Sai dai kafin a ɗaga ko da tsinke, akwai tambayar da ta wajaba, wadda gaggawar karɓar kuɗi take sa a tsallake ta: kayan nan na wane ne? Gidan Bahaushe ba na mutum ɗaya ba ne ko da sunan mutum ɗaya ake kiransa. Abin da ke ɗakin mace, gado ne, katifa ce, kwalla da fanteka da sauran jere, akasari iyayenta ne suka yi mata, ko ita ta saya da kuɗin sana'arta, saboda haka mallakarta ne, ba ya shiga cikin tarikar mijinta, kuma babu wani ɗa, komai girmansa, da ke da ikon fitar da shi ba da izininta ba. Abin da yake na mamaci kuwa, tun daga babbar riga har zuwa tsohuwar garma, ya zama haƙƙin da shari'a ta tsara bi da bi: a fara fitar da abin da aka kashe wajen suturarsa, sa'an nan a biya bashin da ake bin sa, sa'an nan a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba, kana abin da ya rage ya zama na magada, mata su raba tumuni idan akwai 'ya'ya, ko rubu'i idan babu. To, idan babban ɗa ya kira 'yan gwangwan suka auna gadon ƙarfe da keke da tsofaffin kwanuka, ya karɓi kuɗin ya zuba aljihu yana ganin ai tarkace ne, ya sani cewa a cikin kuɗin nan akwai rabon ƙanensa maraya da ke aji uku a firamare, kuma ƙanƙantar abu ba ta fitar da shi daga hukuncin dukiyar maraya.

Na taɓa halartar irin wannan kwashe kaya a wani gida, an fito da wata tsohuwar adaka za a haɗa ta da kayan da za a bai wa dillaliya, sai wata 'yar gidan ta matso kusa da wanta ta sassauta murya ta ce, “Yaya, don Allah a dakata da wannan, ta Inna ce, tun ta aurenta.” Ya ce, “To, a kai mata ɗaki, ita ta buɗe da hannunta.” Da tsohuwar ta buɗe, a ƙarƙashin zannuwa sai ga wata 'yar takarda da aka rubuta da ajami, ta wata gona da wani maƙwabci ya jinginar wa marigayi mai gidan. Da an yi gaggawa, da haƙƙin wani gida ya tafi tare da tsumma. Saboda haka nake ba da shawara a ware rana musamman, a tara magada ko wakilansu, a sa wani dattijo da kowa ya yarda da shi ya zauna, a fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, a san na wane ne, abin da za a sayar a rubuta kuɗinsa, abin da aka yarda a yi sadaka da shi a yi da yawun kowa, amma rabon yaro ƙarami ba a kyauta da shi, waliyyinsa zai adana masa.

Akwai kuma kayan da ba a haɗa su da shara ko kaɗan. Alluna, da tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani, da gafaka, da kundin da kaka ya rubuta da hannunsa, waɗannan a tsince su da ladabi tun kafin yara su fara kwasa zuwa juji. Alluna makarantar allo ta unguwa za ta yi murna da su. Rubuce-rubucen hannu kuwa, in babu mai karanta su a cikin zuriya, a nuna wa malamin da ya san darajarsu, gama akwai wuraren da aka tanada domin adana irinsu, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Tarihin garuruwanmu da yawa yana kwance a cikin irin waɗannan takardu, kuma ranar tashi daga gida ita ce ranar da suka fi salwanta.

Wani abin da ke sosa mini rai matuƙa shi ne a fara kai masu saye gidan da matar mamaci ke takaba a ciki. Wata 4 da kwana 10 shari'a ta yanka mata, mai ciki kuwa sai ta haihu, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi tana da haƙƙin zama a gidan da mijinta ya mallaka har ta gama. Yaya za a ce baiwar Allah tana cikin zafin rashi, tana ja da carbi a kan tabarma, sai ta riƙa jin muryar dillali a tsakar gida yana auna bango da taku, yana cewa nan za a fasa a yi shago? Gida ba ya gudu. A bari ta fita takaba, a shawarce ta, a san inda za ta koma, sa'an nan a yi maganar tsintsiya.

Idan an gama da haƙƙoƙin mutane, sauran aikin ba shi da wuya, kuma ba ya cin kuɗi kamar yadda ake zato. A share tsakar gida a kwashe duwatsun murhun da aka daina amfani da su, a tuge turakun awaki a kankare kashinsu, a matsar da akurki, a buɗe rariya ruwa ya wuce, domin ruwan da ya kwanta ya yi baƙi yana kore mai saye tun daga zaure. Makewayi shi ne wurin da mutane ke jin nauyin ambata, alhali shi ne wurin da mai saye mai hankali zai fara neman gani. A wanke shi, a gyara murfin salga, in ta kusa cika a faɗa. Zaure a fitar da babur da buhunan da aka jibge, a shimfiɗa tabarma mai tsabta. A sare ciyawar da ta tsiro jikin katanga, a mayar da indararon da ya zame, a ɗaure ƙyauren da ke lilo, a buɗe tagogin da aka toshe da kwali tun hunturun bara. In akwai hali a shafa farar ƙasa. Amma ban ga hikimar mutum ya ci bashi ya shimfiɗa tayil ko ya yi fenti mai tsada a gidan da zai bari ba, domin sau da yawa wanda ya saya yana da nasa tsarin a zuciya, wataƙila ma rushe ɗakin zai yi, kuma da wuya kuɗin da aka zuba su dawo a cikin tayi.

Yanzu sai mu zo kan iyakar da ke tsakanin gyara da rufa-rufa, wadda ita ce zuciyar maganar. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani mai sayar da abinci da ya yi tsibi, ya sa hannunsa mai albarka a ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Da ya tambaya, mutumin ya ba da hanzarin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi, sai Manzo ya yi masa faɗa a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gan shi, ya kuma barranta daga mai yin algus. Ku lura, jama'a, ba a zargi mutumin don ruwa ya taɓa kayansa ba, gama ruwa na Allah ne, kuma ba a hana shi sayarwa ba. Abin da aka zarge shi da shi, ɓoyewa. Wannan hadisi kamar a kan gidajenmu aka faɗe shi, tun da babban abokin gabar gini a wannan yanki namu shi ne ruwa, kamar yadda damunar 2020 da ta 2022 suka nuna wa mutanen Jigawa, lokacin da ambaliya ta rusa gidaje masu yawa, waɗanda suka tsira kuma da dama gindinsu ya sha ruwa.

Ga yadda abin ke faruwa. Bangon ɗaki ya tsage tun daga kusurwar taga har ƙasa, tsagewar da yatsa ke shiga, mai gida ya sani sarai cewa kowace damina tana ƙara buɗewa saboda tushen ginin ya zauna. Mako guda kafin a kawo masu gani sai ya kira magini ya cusa siminti, a shafe, a bi da fenti mai ruwan madara, ɗaki ya fito fes. Ko kuwa zanen da ruwa ya bari a jikin bango, wanda ya kai tsayin gwiwa, mai nuna inda ambaliya ta tsaya, a bi shi da fenti mai duhu daga ƙasa a ce ado ne. Ko azarar da gara ta cinye cikinta, wadda in ka ƙwanƙwasa da sanda za ka ji tana amsawa kamar ba komai ciki, a buga silin a rufe ta. Ko a jingina babbar kwaba daidai inda bango ya yi ciki. Wannan shi fuƙaha'u ke kira tadlisi, watau ɓoye aibin da mutum ya sani, kuma ba su yi sassauci a kansa ba. Shi cike tsagewa ba laifi ba ne, gyara ne; laifin yana ga yin shiru bayan an cike.

Malamanmu na Malikiyya sun yi wa wannan babi bayani filla-filla, kuma littattafan da suka yi bayanin suna nan a zaurukan malamai da kotunan shari'a na ƙasar nan. Alƙali Ibnu Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a shekarar 829 ta Hijira, daidai da 1426, a cikin Tuhfatul Hukkam, wadda alƙalanmu suka daɗe suna dogaro da ita, ya kasa aibin gida kashi uku. Akwai ɗan ƙarami wanda ba ya rage kuɗin gida, wannan ba a mayar da ciniki saboda shi, ba a kuma biyan komai. Akwai matsakaici wanda ke rage wani abu daga ƙima, kamar tsagewar bango, a nan mai saye zai riƙe gidan a mayar masa da gwargwadon abin da aibin ya rage. Akwai kuma babba, wanda ya ci sulusin ƙima ko fiye, a nan mai saye yana da ikon mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Shaihu Halilu kuwa a cikin Muhtasar ya kawo misalin rijiyar gida da ruwanta ke da zartsi a unguwar da rijiyoyinta ke da daɗi, ya lissafa ta cikin aibin da ake mayar da gida saboda shi. Ya kuma bayyana cewa mai sayarwa idan ya san aibi, wajibi ne ya faɗe shi, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule magana. Wannan hukunci ya rushe wata kalma da ta zama jiki a bakin masu sayarwa, watau su ce, “Alhaji, yadda ka gani haka za ka saya, ba ruwana da abin da ya biyo baya.” Faɗin haka ba ya wanke wanda ya san inda ɗaki ke yoyo ya yi gum.

Kuma ku duba yadda yanayinmu ke taimakon mai son ɓoyewa ko da bai ɗaga hannu ba. Gidan da aka nuna a watan Maris, rana na ƙuna, ko'ina a bushe, ba ya faɗin abin da yake yi a watan Agusta. Mai saye ba zai san cewa ruwan unguwa gaba ɗaya ta ƙofar gidan yake bi ba, ko cewa tsakar gida tana zama tafki har sai an jera duwatsu kafin a kai madafi, ko cewa rijiya tana ƙafewa kafin damina. Mai gida shi ya kwana a ciki shekara da shekaru, shi ya san daren da ya tashi iyalinsa suka tara kwanuka suna tarar ruwa. Ilimin nan amana ne a wuyansa. Abin da ya dace da mutumin kirki shi ne ya kama hannun mai saye ya kai shi wurin, ya ce, “Malam, nan ya taɓa tsagewa, na cike shi bara, amma ka sa magininka ya duba tushen.” Na'am, wataƙila a rage masa wani abu. Amma a gari irin Birnin Kudu ko Gwaram, inda mai saye da mai sayarwa za su ci gaba da haɗuwa a masallacin Juma'a da wurin jana'iza da ɗaurin aure, kuma 'ya'yansu suna aji ɗaya, ban san ribar da za ta biya mutum kunyar ranar da bango ya faɗi a kan iyalin wanda ya amince da shi ba, balle tsayuwa gaban Allah. Shi ma mai saye kada kunya ta hana shi bincike: ya zo da magini, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ɗanɗani ruwan rijiya, ya tambayi maƙwabta, in da hali ya dawo ranar da aka yi ruwa.

Dillalai kuma ina da magana da ku, cikin girmamawa, domin sana'arku halal ce, la'adarku halal ce, kuma da yawa daga cikinku mutanen kirki ne da gari ya yarda da su. Amma dillali shi ne idon baƙo. Ma'aikacin jinyar da aka turo daga Haɗeja ko Gumel, bai san kowa ba, bai san unguwar da ruwa ke ci ba, da kai ya dogara. Idan ka san aibi ka rufe, kun yi tarayya da mai gida a cikin alhaki. Haka nan dabarar nan ta kawo wani a tsaya ana cewa, “Ai Alhaji wane ya riga ya taya kaza, aka ce albarka,” alhali babu wanda ya taya, ko a sa wani ya yi ta ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba sai don a zuga mai saye na gaskiya, wannan shi ne najashi, kuma Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, da sauran malamai duk sun tafi a kan haramcin yaudara a ciniki kowace iri ce. Yanzu kuma da ake ɗaukar hoton gida da waya ana turawa ta WhatsApp da Facebook, hukuncin bai canja ba: wanda ya tsaya a kusurwar da ɗaki zai fito da faɗin da ba shi da shi, ko ya kauce wa bangon da ya jiƙe, ya ɓoye jiƙaƙƙen abinci a ƙarƙashin tsibi ke nan. Kuma kada a ɗauki hoton ɗakin matan mutane da kayansu a watsa wa duniya.

Wannan ya kawo mu ga ladabin shiga gida. Gidan da iyali ke ciki yana da hurumi, ko da an sa shi a kasuwa. A sanya lokaci tun da wuri, a sanar da matan gida su kintsa, su koma ɗaki guda ko su shiga maƙwabta, mai gida ko babban ɗa ya yi jagora, a yi sallama a nemi gafara kafin a wuce shigifa. Dillali kada ya mayar da gidan mutane hanya, yau ya kawo uku gobe ya kawo biyar, har da waɗanda ya san kallo kawai ya kawo su.

Sauran abin da ya rage shi ne a san me aka sayar. Rigima da yawa tana tashi ne bayan an sallama, mai saye ya zo karɓar makulli ya tarar an cire ƙyamare, an kwance famfo, an tafi da tankin ruwa. Ƙa'idar da Halilu ya kawo ita ce, abin da aka kafe a jikin gida, kamar ƙofa da kanta da tsanin da aka buga da ƙusa, yana bin gida, abin da ake ɗauka kuwa yana bin mai shi, sai fa in an yi sharaɗi. Tun da zamani ya kawo kayan da ake iya saɓani a kansu, irin su farantan hasken rana da injin jan ruwa da fankar sama, abin da ya fi shi ne a ambace su ɗaya bayan ɗaya a cikin takardar ciniki, wanda mai gida zai tafi da shi kuma ya cire shi tun kafin a fara nuna gidan, don kada idon mai saye ya lissafa shi cikin kuɗi. In gidan na tarayya ne da ba a raba ba, wani daga cikin magada ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da shufu'a, watau su biya abin da baren ya biya su karɓa. Maƙwabci kuwa ba shi da wannan haƙƙi a Malikiyya, ko da yake mutunci ya sa a fara yi masa tayi.

Takardu ma a fito da su a kakkaɓe tun kafin a buƙace su. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma ta shar'anta cewa gidan da ke da takardar shaidar mallaka ta gwamnatin jiha ba a mayar da shi ga wani sai da amincewar gwamna, wanda ke ƙarƙashin mallakar gargajiya kuma sai da amincewar ƙaramar hukuma. In gidan gado ne, a haɗa da takardar rabon da kotun shari'a ta bayar. A kira mai unguwa, a kira maƙwabtan da ke iyaka da gidan ta kowace kusurwa su tsaya a nuna iyaka a gabansu, shaidu su sa hannu. Sa'an nan a rubuta ranar tashi ƙarara, a ba iyali wa'adin da zai ishe su neman wurin komawa, musamman in cinikin ya faɗo cikin damina, ko akwai tsohuwa, ko mai jego, ko yaran da ke tsakiyar zangon karatu. In mai saye zai saki sauran kuɗi ne ranar karɓar makulli, wannan ma a rubuta shi, da adadinsa, da sunan wanda zai karɓa a madadin magada.